Kwana Huɗu a Taɓo: Yadda Hamadar Simpson Ta Riƙe Wata Kanta da Iyali a Cikinta

Ranar Juma'a 12 ga Nuwamba 2021, wani saƙo ya faɗo cibiyar ceto ta ƙasar Ostireliya da ke Kanbera. Babu murya a cikinsa, babu rubutu. Lamba ce kurum da ɗigo a kan taswira, alamar wani ya kunna na'urar neman agaji a hamadar Simpson, wajen kilomita 150 daga ɗan garin Oodnadatta. Miji ne da mata da 'ya'yansu biyu ƙanana. Sun kai kimanin shekara suna zagaya ƙasar a cikin motar da suka mayar gida, yau su kwana a bakin teku, gobe a gindin dutse, har tafiya ta kawo su tsakiyar yashi.

Motar ma ba baƙuwa ba ce a idon Bahaushe. Kanta ce, ƙirar Mitsubishi, 'yar'uwar wadda ke jigilar buhunan masara da tumaki ranar kasuwa, sai dai tasu mai ja da tayoyi huɗu ce, kuma maimakon bodin katako an gina mata ɗaki a baya. Irin wannan rayuwa ta zama ruwan dare a can. Tsofaffin da suka yi ritaya su ba da gidansu haya su shiga hanya, matasa daga Turai su yi hayar mota na wata biyu ko uku, ma'aurata su kwashi yara tun ba su isa shiga makaranta ba. Babbar hanyar da ta kewaye ƙasar kaɗai ta kai kilomita 14,000 da ɗoriya, ban da ratse.

Duk wanda ya ji an ce mutane sun maƙale a hamada, ƙishirwa zai fara kawowa a ransa, ko ya ce inji ne ya buga. Waɗannan ruwan sama ne ya kama su. Ƙasa ta jiƙe, motar ta nutse a taɓo, ta ƙi gaba ta ƙi baya. Sai ranar Talata 16 ga wata aka fitar da su ta sama, dukkansu lafiya lau. Abin da nake so in bi diddiginsa shi ne yadda aka yi kwanakin nan huɗu suka ƙare a zaman jira mai gundura maimakon zaman makoki. A ganina amsar tana cikin 'yan ayyukan yau da kullum da mai irin wannan tafiya yake yi tun kafin komai ya faru, ayyukan da ba sa shiga labarai domin ba su da armashi.

Inda abin ya faru

Galibin mutanen Ostireliya a gaɓar teku suke zaune. Kana barin gaɓar ka nausa ciki, sai ka faɗa abin da suke kira Autbak: jar ƙasa, sarari har iyakar ganinka, da garuruwan da mutanen wasunsu ba za su cika sahu ɗaya na masallacin unguwa ba. Hamadar Simpson tana tsakiyar wannan fili, inda jihar Ostireliya ta Kudu da Queensland da Yankin Arewa suka haɗa iyaka. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita 176,000, wato ta ninka jihar Kano fiye da sau takwas, kuma babu gari ko ɗaya a cikinta. Tuddan yashi sama da 1,100 ne a jere kamar kunyoyin gona, wasu sun miƙe har kilomita 200 ba yankewa. Mai ƙetarewa tsakanin yamma da gabas kuwa a gicciye yake bin su, dole ya hau kowanne ya sauka.

Masu ƙasar na asali, mutanen Wangkangurru, suna ce mata Munga-Thirri, kuma sun daɗe suna rayuwa a cikinta da 'yan rijiyoyin da suke kira mikiri. Sunan Simpson daga baya ya zo, a 1929, lokacin da masanin duwatsu Cecil Madigan ya yi shawagi a kanta da jirgin sama ya sa mata sunan wani attajirin Adelaide, Alfred Allen Simpson. Mota ba ta ƙetare ta ba sai 1962, kuma abin sha'awa, wanda ya yi hakan, masanin duwatsu Reg Sprigg, shi ma da matarsa da 'ya'yansa biyu ya shiga, a cikin Nissan Patrol. Bayan haka wani kamfanin mai na Faransa ya yanka hanya miƙaƙƙiya don binciken man fetur, ita ce har yau ake kira Layin Faransawa.

Daga Mount Dare a yamma zuwa Birdsville a gabas wajen kilomita 500 ne. A tsakani babu gidan mai, babu shago, babu mai faci, babu sabis ɗin waya. Tafiyar kwana uku ce ko huɗu in komai ya tafi daidai.

Yadda yini yake wucewa

Mai motar kwana a irin wannan wuri da asuba yake tashi, ba don himma ba, don ƙuda. Rana na fitowa suke fitowa, ƙananan ƙudaje masu naci da ke neman danshin ido da hanci da leɓe, har mutum ya koma sa 'yar ragar sauro a kan hularsa kamar mai cire zuma. Kafin su farka ake so an sha shayi, an naɗe shimfiɗa, an karkaɗe takalmi ko wani abu ya kwana a ciki.

Sai zagayen mota. Direba zai durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, domin akwai wata ciyawa mai tsini da ke taruwa kusa da salansa, in ta bushe ta ji zafi tana iya kama wuta ta cinye motar ƙurmus. Zai taɓa notuna, domin gargadar hanyoyin tsakuwa tana kwance duk abin da aka ɗaure, daga murfin kwalbar gishiri har ƙofar kabad. Zai duba ko wani abu yana ɗiga.

Aikin da ya fi kowanne muhimmanci a wurina shi ne na iskar taya, kuma shi ne baƙo ya fi rainawa. Mutum zai tsuguna gaban taya, ya cire murfin bawul, ya danna 'yar allurar da ke ciki, iska tana fita tana huci, yana yi yana ɗora geji. Mota irin Land Cruiser a kan kwalta da iska wajen 40 take tafiya. An shiga tsakuwa a sauke ta ƙasa da 30. An zo yashi, 18, wani lokaci ma ƙasa da haka. Duk mai faci a tashar mota in ya gani zai ce tayar nan ta sace. A can kuwa ita ce daidai, domin sai ta baje kamar tafin raƙumi, nauyin motar ya rarrabu, ta hau kan yashi maimakon ta haƙa wa kanta rami. In an dawo ƙasa mai tauri, a fito da ɗan famfon iska mai aiki da batir a mayar, taya huɗu, ɗaya bayan ɗaya, cikin rana da ƙuda. A yini guda ana iya yin wannan sau biyu ko uku.

Tuƙin kansa tafiyar hawainiya ce, kilomita 15 zuwa 20 a awa. Doka ta wajabta wa kowace mota ta kafa doguwar sanda da tuta mai ƙyalli a gabanta, tsayinta mita 3.5 daga ƙasa, saboda hanyar ta mota ɗaya ce, kuma wanda ke hawa tudu ba ya ganin mai hawowa ta ɗaya gefen. Ana barin rediyon oba-oba a tasha ta 10, lokaci zuwa lokaci direba ya sanar da inda yake da inda ya dosa. Yashi yana shan mai kusan ninkin abin da kwalta ke sha, don haka lissafin dizal ba a yin sa da nisan taswira kaɗai.

Amma lissafin da ya fi na mai tsanani shi ne na ruwa. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce lita 5 zuwa 7 ga kowane mutum a rana, sannan a ƙara na wasu kwanaki da ba a yi niyyar yi ba. Ɗauki mutum huɗu, lita biyar-biyar, kwana goma: lita 200 ke nan, jarka takwas ta lita 25, nauyin kilo 200 a kan motar da ake so ta yi sauƙi don ta hau yashi. Masu gogewa ba sa zuba shi duka a tanki ɗaya, domin dutse ɗaya ya isa ya huda tankin a wayi gari ba komai. Kuma ruwan da aka ɗauko da wahala haka ba a yi masa riƙon famfo. Kwano ba a wanke shi yadda aka saba. A fara suɗe shi da ɓallin burodi ko a goge da takarda, a zuba rabin kofi a ɗauraye, ruwan ɗaurayar a juye shi a kwano na biyu, daga nan na uku. Wanka tsumma ne da ruwa kofi biyu. Shi ya sa duk wanda ya iso maɓuɓɓugar Dalhousie a gefen yamma, inda ruwa mai ɗumi ke fitowa daga ƙarƙashin ƙasa ya taru ya zama tafki, sai ka ga babba da yaro sun faɗa ciki sun ƙi fitowa.

Wuta ma da ƙa'idarta. Batir biyu ake sawa. Ɗaya na tayar da inji ne, ba a taɓa shi ko da za a kwana a duhu. Ɗayan shi ke riƙe da ɗan firij da fitilu da cajin waya, inji yana cika shi in ana tafiya, faifan sola yana cika shi in an tsaya. Nama da madara a fara cinye su, gwangwani da taliya da shinkafa da garin fulawa a bar su can ƙasan akwati, su ne na ranar da ba a fata.

La'asar sakaliya ake yada zango. Ba a tuƙi da magariba, domin lokacin ne dabbobi ke fitowa, kangaru da shanun kiwo a hanyoyin gefe, raƙuma a cikin hamadar. Raƙuman nan na daji jikokin waɗanda aka shigo da su ne a ƙarni na 19 tare da masu jan su, Musulmi daga Afganistan da yankin da yanzu yake Pakistan da Indiya. Su suka yi dakon kaya a wannan yanki kafin jirgin ƙasa da mota su karɓe aikin, kuma a garin Marree, kudu da nan, suka gina ɗaya daga masallatan farko na ƙasar. Da aikin ya ƙare aka saki dabbobin, suka hayayyafa. To, a dafa abinci a murhun gas, don a wasu sassan an hana hura itace. Bayan gida a ɗauki shebur a yi nisa a haƙa rami. Shara a ƙulle ta a leda a tafi da ita har gari. Takalmi kada a bar shi a waje, karen dajin da suke kira dingo yana ɗauka. Sai dare ya yi, shiru ya sauka, taurari su cika sama har su yi wa ido yawa.

Wannan duka ba abin ba da labari ba ne, na sani. Sai dai in ka tara shi za ka ga abu ɗaya yake samarwa: rara. Rarar ruwa, rarar abinci, rarar wuta, da mutanen da hannunsu ya riga ya saba da tsimi. Iyalin da ya yi shekara yana wanke kwano da rabin kofi ba sai an koya masa komai ba ranar da aka ce masa ya zauna ya jira. Ba a fafe gora ranar tafiya, balle ranar da tafiyar ta tsaya.

Ruwan da ya zo

Oodnadatta wuri ne da ruwan shekararsa bai kai milimita 200 ba. Da zafi aka san shi: ranar 2 ga Janairu 1960 ma'auni ya nuna digiri 50.7, kuma har yau ba a auna abin da ya wuce haka a ƙasar ba. A can lokutan shekara a juye suke, Disamba zuwa Fabrairu ne tsakiyar bazara. Amma Nuwamban 2021 ya zo da abin da ba a saba ba. Hukumar yanayi ta ƙasar ta ce ba a taɓa samun Nuwamba mai ruwa kamarsa ba tun da aka fara ajiye lissafi a 1900, kuma a cikin watan ne ta ayyana shigowar La Niña, yanayin da kan jawo wa ƙasar ruwan sama mai yawa. Kwana biyu kafin a kunna na'urar, garin Alice Springs da ke arewa maso yamma ya sami ruwa kimanin milimita 100 a kwana ɗaya, kogin Todd da aka saba gani busasshen yashi ya cika ya kawo.

Yashi shi kansa ba ya ƙin ruwa, yana ma ƙara tauri in ya jiƙe. Matsalar tana tsakanin tuddan da kuma gefen hamadar, inda ake da shimfiɗaɗɗen fako na yumɓu. Da rani kamar siminti yake, mota ta bi ta kai tana ta da ƙura. Ruwa na sauka sai ya koma kamar kunu mai kauri. Laka ta cike zanen taya ta mayar da ita sumul, ta naɗe a jikinta tana ƙara kauri, taya tana juyawa a wuri ɗaya tana haƙa. Abin da ya fi muni, saman yakan bushe ya yi ɓawo alhali ƙasan yana nan da ruwansa, direba ya ga kamar hanya ce. Kanta mai ɗauke da ɗaki da tankuna da kayan shekara guda ta fi ƙaramar mota nauyi nesa ba kusa ba, in ta fasa ɓawon sai ta zauna a kan cikinta. Igiyar janwe da ake ɗaura wa gaban irin waɗannan motoci tana bukatar abin da za ta kama, a fako kuwa babu bishiya. Dabarar da aka sani ita ce a haƙa rami a binne safaya a ɗaura igiyar a jikinta, to amma ƙasar da ta kasa riƙe mota ba lallai ta riƙe taya ba.

Ruwan da ya kama su shi ne kuma ya tare masu zuwa ceto. Hanyoyin yankin duk na ƙasa ne, hukuma tana rufe su da zarar an yi ruwa, akwai manyan alluna a bakin garuruwa masu nuna wadda ke buɗe da wadda ke rufe, wanda ya bi rufaffiya kuma tara ce. Duk motar da aka tura a lokacin, ita ma sai an nemo mai ceton ta.

Daga Juma'a zuwa Litinin

Na'urar da suka kunna ba ta fi a riƙe ta da hannu ɗaya ba. Tana aika sigina a kan zangon megahaz 406 zuwa taurarin ɗan'adam na wani tsarin haɗin gwiwar ƙasashe da ake kira Cospas-Sarsat, su kuma su sauke shi ga cibiyar ceto. Mai haɗe da GPS tana nuna wurin da mutum yake da tazarar da ba ta fi mita ɗari da 'yan kai ba. In mai ita ya yi rajista, wanda kyauta ne, jami'i zai ga sunansa da irin motarsa da lambar wanda za a kira a gida. Iyakar abin da take iyawa ke nan. Kururuwa ce kawai. Ba ta faɗin ko maciji ne ya sari wani, ko mota ce ta kife, ko taɓo ne.

Shi ya sa matakin farko da AMSA, hukumar da ke riƙe da cibiyar ceton, ta ɗauka ya burge ni. Ta ta da jirginta ƙirar Challenger daga filin Essendon da ke Melbourne, tafiyar fiye da kilomita 1,000, ya gano motar, ya jefa musu ruwa da wayar tauraron ɗan'adam, irin wadda direbobin hanyar Agadez ke kira Turaya. Wayar nan ita ta sauya lamarin. Da aka ji muryarsu aka tabbatar babu mai rauni, akwai abinci, akwai wurin kwana, sai gaggawar ta ragu, aikin ya koma hannun 'yan sandan jihar Ostireliya ta Kudu. Shawarar farko ita ce su zauna inda suke a jira ƙasa ta sha iska.

Ka kwatanta yinin da babu tuƙi a cikinsa. Duk jadawalin da na zayyana a sama a kan tafiya aka gina shi, yanzu an zare tafiyar. Inji ba ya cika batir sai an ƙona dizal a tsaye, sola kuma ba ta ja sosai in akwai hadari. Waje laka ce, duk wanda ya taka sai ya dawo da ita ɗaki, ruwan wankewa kuma na sha ne. Bayan ruwa sauro ke biyowa, ga ƙuda da rana. Sannan ga yara biyu ƙanana a ɗakin da bai fi shagon mai shayi ba, ba su san dalilin da ya sa aka hana su fita ba. Masu ceton sun fahimci wannan, domin da aka sake jefa musu kaya, har da famfas da alewa da faifan bidiyo aka haɗa. Wani zai yi dariya, jirgin sama guda a kan alewa. Duk uwar da ta taɓa kwana a tasha da ɗan shekara biyu ba za ta yi ba.

Babban abin da suka yi a kwanakin nan shi ne abin da ba su yi ba: babu wanda ya bar motar.

Wata motar, shekara 23 kafin nan

A Disambar 1998 wasu matafiya biyu daga Turai, namiji da mace, sun yi hayar motar kwana suka gangara Halligan Bay a bakin tafkin gishiri na Kati Thanda, wanda aka fi sani da tafkin Eyre, wajen kilomita 60 daga William Creek. Yankin ɗaya ne, kudu da Simpson. Motar ta kafe a yashi. Ba su da hanyar kiran kowa. Sun bar bayanin ranar da za su dawo, amma bayanin bai kai ga wanda zai ta da nema ba. Bayan kwana biyu suna jira ba su ga kowa ba, sai suka kama hanya a ƙasa, cikin zafin da ya haura 40. Namijin ya kasa, ya koma wajen motar, inda akwai inuwa da tankin tara ruwan sama, ya rayu. Macen ta ci gaba. Bayan kwanaki aka tsinci gawarta a kan hanya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai daga binciken da kotu ta yi kan mutuwar shi ne abin da ɗan sandan da ya je wurin ya yi. Ya rage iskar tayoyin, ya ɗan kwashe yashi da shebur, ya shiga ya fitar da motar cikin kimanin minti goma.

Mota a hamada inuwa ce, rumbu ce, kuma ita ce abin da ake hangowa daga sama. Mutum ɗaya mai tafiya a ƙasa ɗigo ne a cikin jar ƙasa, yana zubar da gumin da ba shi da ruwan mayarwa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Amma kada a yi wa marigayiyar rashin adalci: zama yana da sauƙi ga wanda ya san an ji shi. Iyalin 2021 sun ga jirgi a kansu tun ranar farko. Waɗancan kwana biyu suka yi suna kallon hanyar da babu ƙura a kanta.

Ina aka yi sake

Ba zan wanke su tas ba. Lokacin ƙetare Simpson shi ne watannin sanyi, daga wajen Mayu zuwa Satumba, sa'ad da motoci ke bin juna, wanda ya kafe ba zai daɗe ba wani ya iso. Hukuma tana rufe hamadar daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris saboda zafi. Ranar da suka nemi agaji saura kwana 19 a rufe. Ba su karya doka ba, amma sun shiga a ƙarshen kasuwa, an fara naɗe rumfuna, a shekarar da sama ke ta ba da alamu. Kuma da zarar ka shiga, hasashen yanayin da ka gani a garin ƙarshe shi ne guzurinka na kwana huɗu, sai fa in kana da wayar da za ka sake tambaya. Wannan ne giɓin da na fi gani. Na'urar kururuwa tana aiki ne bayan abu ya ɓaci. Wayar tauraro tana iya sa ka juya tun bai ɓaci ba, kuma ana ba da hayarta a zangunan da ke bakin hamadar.

Sai maganar tafiya da mota ɗaya. Shawarar da ake bai wa kowa ita ce a haɗa aƙalla biyu, abin da kakanninmu masu zuwa Bilma ɗauko gishiri ba su bukaci a rubuta musu ba, ayari suke yi da madugu. Sai dai a nan ina ɗan ja da baya. A yashi mota ta biyu tana fitar da ta farko. A taɓon da ya mamaye fili gaba ɗaya, mai yiwuwa iyali biyu za a je ɗaukowa.

Duk lokacin da irin wannan ta faru a Ostireliya akan ta da zancen wa zai biya kuɗin jirage. Hukumar ceton ba ta cajin wanda ta ceto, kuma ina ganin daidai ne. Ranar da aka fara kai wa mutane takardar biya, ranar ce za su fara jinkirin danna maɓallin, uba ya tsaya yana lissafin aljihunsa yana cewa bari mu ga gobe, har goben da ba ta da amfani ta zo.

Talata

Ƙasa ba ta bushe da saurin da aka so ba, ga hasashe yana nuna zafi zai tashi. Jiran da yake da ma'ana ranar Asabar ya fara zama kasada, musamman da yara, waɗanda jikinsu ba ya jure rashin ruwa kamar na manya. Ranar Talata 16 ga wata jirgi mai saukar ungulu ya isa wurin, aka ɗauke su huɗun aka kai su Coober Pedy, garin masu haƙar dutsen ofal, inda mutane da yawa suke zaune a gidajen da suka fafe a ƙarƙashin ƙasa don gudun rana. Aka duba lafiyarsu.

Jirgin ceto mutane yake ɗauka, ba ya ɗaukar Kanta. Aka bar ta a nan cikin laka da gadonta da tukwanenta da kayan wasan yara, gidan shekara guda. Fitar da mota daga Simpson kuwa ba ya cikin abin da gwamnati ke yi kyauta, aikin mai ita ne da aljihunsa, kuma dubban daloli ake magana. Kwana 15 suka rage masa kafin 1 ga Disamba.